Likita ya ce a yi wa Hajiyarmu maganin lantarki a kai, wa ya taɓa gani?

Ummu_Fadil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawarar waɗanda suka sani nake nema, ba ta ji-ta-ji-ta ba. Mahaifiyarmu ta haura sittin. Tun bayan rasuwar Baba ta shiga wani hali, da farko mun ɗauka zafin rashi ne, to an fita takaba abu sai gaba yake yi. Yanzu ba ta cin abinci sai an yi da gaske, ta rame ƙwarai, a zaune take kwana. Ta kafe a kan cewa hanjinta ya ruɓe, wai abinci ba shi da inda zai bi, wai kuma ita ta jawo mutuwar Baba, Allah ba zai yafe mata ba. Matar da ba ta taɓa wasa da sallah ba. An kwantar da ita a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani har ya taɓa tunaninta. An canza mata magani ba wani sauƙi, yanzu ma ƙwayar tofarwa take yi. Jiya ya tara mu ya ce shawararsa a yi mata ECT, wato a sa ta barci a sakar mata lantarki kaɗan a kai. Babban yayanmu ya miƙe ya ce muddin yana numfashi ba mai jona wa uwarsa wuta. Ni kuma ina kallonta tana ƙarewa. Wanda ya taɓa gani, ko aka yi wa nasa, ya faɗa mana gaskiya, daɗin da rashin daɗin.

Kande77:
Innalillahi. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne.

Baban_Sadiq:
Ƙanwata, yayanku ya yi gaskiya. Da idona na ga an yi wa ƙanin mahaifina wannan shokin ɗin shekaru masu yawa da suka wuce. Ƙarti huɗu ne suka danne shi, aka cusa masa wani abu a baki, idonsa biyu. Jikinsa ya sanƙare ya banƙare, yana ta fizge-fizge, ya dawo ɗaki kafaɗa a goce. Har ya koma ga Allah idan ya ga farar riga sai ya nemi hanyar gudu. Kada ku yarda.

Likitan_Kwakwalwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ban duba ta ba, don haka ba zan yanke hukunci a kanta ba, amma zan faɗi abin da aka sani.

Baban_Sadiq, abin da ka gani gaskiya ne, ba wanda zai ƙaryata ka. Haka aka fara yin sa. A Rum ta Italiya ne, a 1938, wasu likitoci biyu, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara gwada shi, kuma shekaru da dama ana yi wa mutane idonsu biyu, har ƙashin baya yakan tsage saboda ƙarfin jijjiga. A nan Najeriya ma an daɗe ana yin sa a haka a wasu asibitoci saboda ƙarancin masu sa barci da kayan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina wannan salon. Wanda aka yarda da shi yau, sai an yi allurar barci, sannan a yi ta biyu da ke sassauta naman jiki gaba ɗaya, a ba da iskar oksijin. Lantarkin yana tayar da 'yar gajeriyar farfaɗiya da gangan, amma a ƙwaƙwalwa take faruwa, yawanci ba ta kai minti guda ba, jiki kuwa kusan ba ya motsi.

Ummu_Fadil, irin bayanin da kika yi, wato dattijuwa, ga damuwa mai tsanani, ga yarda da abin da ba shi da tushe kamar ruɓewar hanji, ga ƙin ci da sha, yana cikin yanayin da ECT ya fi yin aiki a kansa. A dunƙule mutum shida zuwa takwas cikin goma sukan samu sauƙi sosai, kuma dattawa da masu ruɗewar tunani sun fi kusa da saman wannan adadi. Ana yi sau biyu ko uku a mako, jimla sau shida zuwa goma sha biyu. Ƙwaya takan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinta, ita kuwa wadda ba ta cin abinci ba lallai jikinta ya jira ba. Shi ya sa likitanku ya kawo maganar, ba don mugunta ba.

Tambaya ta farko da za ku yi masa ita ce: da barci za a yi ko ba barci? Wa zai sa barcin?

Garba_Mai_Wayarin:
Dakta ka yi haƙuri, ni aikina ke nan kullum. Wuta nawa ake sakarwa? Don mu a wajenmu abin da bai kai rabin amfiya ba ma, wato ma'aunin ƙarfin wuta, yana aika mutum barzahu. Ko dai kamar a kashe waya a sake kunnawa ne idan ta daskare?

Likitan_Kwakwalwa:
Malam Garba, ƙarfin yana wajen amfiya 0.8 zuwa 0.9, amma ba a sake shi a miƙe kamar na soket. Guntu-guntu yake fita, kowane bugu wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, duka-duka cikin 'yan daƙiƙu. Kuma tsakanin maɓallai biyu da ke kan kai yake bi, ba ya ratsa ƙirji, mafi yawansa ma fatar kai da ƙoƙon kai ne ke tare shi. Maganar kashe waya kuwa mutane suna son ta, amma ni ba na faɗa wa majinyata haka. Abin da ke warkarwa farfaɗiyar ce da sauye-sauyen da take jawowa a sinadaran ƙwaƙwalwa, ba wutar kanta ba. Hasali ma kafin lantarki, wani likita ɗan Hungari, Meduna, da allurar kafur yake tayar da farfaɗiyar tun 1934.

Malam_Idi_Tsangaya:
Baiwar Allah, kun yi mata ruƙiyya? Wanda ke cewa Allah ba zai yafe masa ba, alhali mai ibada ne, waswasin Shaiɗan ne a fili. A dage da Baƙara a gida, da azkar safe da yamma.

Ummu_Fadil:
Malam, wallahi an yi. Malamai sun zo, an yi karatu, an ba ta rubutu da habbatus sauda, tun kafin mu je asibiti. Har yanzu ƙanina yana yi mata tofi a gadon asibiti, nas-nas ba sa hana shi.

Malam_Idi_Tsangaya:
To madalla. Ni ban ce a bar asibiti ba. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani. A haɗa biyun. Abin da ba na so shi ne a ce wa mai karatu ya fita waje kamar ya zo da ƙazanta.

Sista_Hauwa:
Bari in gaya miki yadda safiyar take, don tsoron abin da ba a gani ba ya fi yawa. Tun tsakar dare ba ci ba sha. Da safe a cire mata 'yan kunne da ribom da haƙorin roba idan tana da shi, ta yi fitsari. A kwantar da ita, a sa mata kanula, wato siririyar robar da ake tura magani a jijiya ta cikinta, a hannu, a liƙa wayoyin auna zuciya a ƙirji. Mai sa barci ya tura allura, kafin ta ƙirga goma ta tafi. Wasu likitocin sukan ɗaure ƙafa ɗaya da abin awon jini kafin allura ta biyu, don maganin kada ya kai can, to a nan ne kawai za ki ga 'yan yatsun ƙafa suna ɗan rawa, da haka ake gane farfaɗiyar ta kama. A sa robar kare haƙori a baki. Likita ya danna. Fuska ta ɗan yamutse, shi ke nan. Ana matsa mata iska da jaka har numfashinta ya dawo da kansa. Cikin minti biyar zuwa goma ta farka, tana tambayar ina take, wani lokaci ta maimaita tambayar sau da yawa. Ciwon kai, ciwon jiki, tashin zuciya, duk ana samu, farasitamol yana maganin na kan.

Na ga tsohuwar da muke ciyarwa ta bututun hanci, a mako na biyu ta ce a kawo mata kunun tsamiya, kuma ta yi faɗa wai ba a sa sukari ba. Na kuma ga wanda aka gama masa duka bai canza ba. Duka biyun na gani.

Zinariya:
Ni kaina aka yi wa. Ban taɓa faɗa a nan ba sai yau.

Bayan haihuwata ta biyu na shiga halin da ba na fata ko maƙiyina ya shiga. Ban iya kallon jaririyar ba, ina ganin duniya za ta fi daɗi idan babu ni. An yi mini da barci, ban ji komai ba, kuma ina da yaƙinin shi ne sanadin da nake raye nake rubuta wannan, bayan ikon Allah. Amma Anti Ummu_Fadil, kada kowa ya ce miki kyauta ne. Bikin ƙanwata da aka yi 'yan watanni kafin a kwantar da ni ya goge mini tas. Ina ganin hotona da anko, ina riƙe da amarya, amma ba na tuna komai. Bikin sunan 'yata ma labari ake ba ni. Lokacin da ake yi mini, sai a gaya mini abu da safe, kafin azahar na manta. Wannan ya wuce bayan wasu makonni. Wancan kuwa bai dawo ba.

Da za a mayar da ni baya zan sake sa hannu. Amma da na so a ce an gaya mini tun farko, ba a ce mini "ɗan mantuwa ne na kwana biyu" ba.

Kande77:
Zinariya, Allah ya ƙara miki lafiya, ya raya yarinya. Kin yi jarumta da kika faɗa.

Ummu_Fadil:
Zinariya na gode, Allah ya saka da alheri. Wannan mantuwar ita ce ta tsaya mini. Hajiya tana da hadda mai yawa. Za ta iya manta karatunta? Za ta iya manta mu?

Likitan_Kwakwalwa:
Abin da ya daɗe ya zauna, kamar karatu, sallah, fuskar 'ya'ya, girki, ba shi ne ya saba tafiya ba. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne abubuwan da suka faru a makonni da watannin da ke kusa da lokacin maganin, kamar yadda Zinariya ta kwatanta. Wasu giɓin nasu yakan yi nisa fiye da haka. Akwai dabarun rage shi: sa maɓallan a ɓangaren dama kaɗai maimakon gefe biyu, amfani da bugu mafi gajarta, da yi sau biyu a mako maimakon uku. Sai dai na gefe biyu ya fi saurin aiki, shi ya sa ake zaɓarsa idan rai na cikin haɗari. Kuma ba kowace na'ura ce ke da duk waɗannan zaɓin ba, tsofaffin ba su da shi. Ku tambaya.

Abu_Hafsat:
Dakta, da girmamawa, ku likitoci kuna yawan rage wa maganar mantuwar nan nauyi. Akwai bitar da aka buga a Ingila a 2003 wadda ta tattara abin da majinyatan da kansu suka ce, aƙalla ɗaya cikin uku ya ce mantuwar ta zauna masa. Kuma gwaje-gwajen da aka kwatanta ECT na gaske da na bogi, wato a sa mutum barci ba a sakar masa komai ba, duk tsofaffi ne, ƙanana ne, na ƙarshe tun shekarun 1980. Ina da aboki akanta, bayan an yi masa ya ce lissafin da yake yi da ka yanzu sai da takarda. Wa zai biya shi wannan?

Likitan_Kwakwalwa:
Abu_Hafsat, duka biyun da ka faɗa haka suke. Sai dai a 2003 ɗin ne kuma aka yi wata babbar bita a can Ingilan, ta tattara gwaje-gwajen, ta ga na gaske ya fi na bogi, kuma ya fi ƙwaya a gajeren zango. Dalilin da ba a sake irin wancan gwaji ba shi ne ba kwamitin da zai yarda a riƙa sa mai tsananin ciwo barci a tashe shi ba magani. Sannan ita damuwar kanta tana cin ƙwaƙwalwa, raba wanne ne na ciwo wanne ne na magani ba sauƙi. Ban ce abokinka bai yi asara ba. Na ce abin da ke ɗaya hannun ma'aunin, a irin halin Hajiya, ba lafiya lau ba ce, yunwa ce da ƙishirwa da gyambon kwanciya.

Abu_Hafsat:
Na ji. Amma har yanzu ina ganin ana saurin kai hannu gare shi a inda ba a ba ƙwaya haƙƙinta ba. Ummu_Fadil, an haɗa mata maganin damuwa da na ruɗewar tunani lokaci guda? Don irin nata ba a yi da guda ɗaya.

Ummu_Fadil:
An haɗa, akwai sertraline da olanzapine a katinta. Matsalar ba ta haɗiyewa.

Dan_Maradi:
Ku gode wa Allah kuna da zaɓi ma. Mu a nan mai irin wannan ciwo idan ya yi tsanani sai Yamai, ko a tsallaka Katsina ko Kano. Da yawa a ɗaki ake kulle su har abin da Allah ya yi.

Fati_Manchester:
A nan Ingila inda nake ana yin sa har yanzu, ba a daina ba kamar yadda mutane ke zato. Ka'idar hukumar lafiyarsu tun 2003 ita ce a yi shi idan rai na cikin haɗari ko sauran magunguna sun gaza. Amma me ya sa ba wanda ya ambaci ketamin? Amurka ta amince da na fesawa a hanci tun 2019, kuma wani gwaji a 2023 ya nuna ketamin ta jijiya bai gaza ECT ba.

Likitan_Kwakwalwa:
Wancan gwajin na 2023 bai haɗa da masu ruɗewar tunani ba, an cire su tun farko, kuma yawancin mutanen daga gida suke zuwa. Wani da aka yi a Suwidin kan waɗanda ke kwance a asibiti ya nuna ECT ya fi. Ga wadda ta yarda hanjinta ya ruɓe, ketamin ba shi ne zaɓin da za a fara kawowa ba.

Garba_Mai_Wayarin:
Ketamin ba shi ne wanda yara ke sha ba?

Sista_Hauwa:
Maganin sa barci ne na asibiti, Malam Garba, masu shaye-shaye ne suka ɓata masa suna. Kada mu bar maganar Hajiya.

Barista_Lami:
Wani ɓangare da ba a taɓa ba. Wa zai sa hannu? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya rattaba wa hannu, aka sanar a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a nemi amincewarsa. Kasancewar Hajiya ba ta da lafiya ba ya nufin a tsallake ta a yi magana da maza kaɗai. A fara zama da ita. Idan likitoci sun auna sun ga ba ta iya fahimta da yanke shawara a halin yanzu, su rubuta haka a fayil, sannan a koma kan wakilinta. Ku nemi likita na biyu ya duba ta, ba raini ba ne, haƙƙinku ne. Kuma ana iya dakatarwa a tsakiya, sa hannu ba ɗaurin aure ba ne.

Baban_Sadiq:
Barista, doka a takarda daban, ɗakin asibiti daban. Ni dai abin da na gani na gani.

Mai_Sa_Barci:
Baba, ba mu musa ba. Ni ɓangarena zan faɗa. Haɗarin mutuwa a ECT kaɗan ne, bitar da aka yi a 2017 ta samu wajen biyu cikin kowane zama dubu ɗari, amma wannan adadi na wuraren da ke da cikakken kayan aiki ne. Lokacin farfaɗiyar jini yana hawa, zuciya tana gudu na 'yan mintoci. Dattijuwar da ta daɗe ba ci ba sha, dole a fara gyara mata ruwan jiki da gishirin jini, a yi awon zuciya, a san ko tana da hawan jini, ko ta taɓa shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya kwanan nan. Ummu_Fadil, ki leƙa ɗakin da idonki idan sun bari. Tukunyar oksijin, injin zuƙe majina, na'urar auna zuciya, da mutum guda wanda aikinsa numfashinta kawai. Idan babu waɗannan, ku nemi a tura ku inda akwai.

Zinariya:
Ƙarin abu ɗaya. Ku saya mata littafi, ku riƙa rubuta wanda ya zo dubiya da abin da aka yi kowace rana. Lambar sirrin banki da ta waya, da inda ta ajiye takardu, ku tabbata wani amintacce ya sani tun kafin a fara.

Likitan_Kwakwalwa:
Shawara mai kyau. Sai abin da iyalai suka fi sakaci da shi: bayan an gama. ECT yana fitar da mutum daga ramin, ba ya hana shi komawa. A wani gwaji na Amurka a 2001, waɗanda aka bari ba magani bayan ECT, kashi 84 cikin ɗari ciwon ya dawo musu cikin wata shida. Waɗanda aka ba ƙwayoyin nortriptyline haɗe da lithium don hana ciwon dawowa, kashi 39. Ko da ana shan magani, kusan rabi yakan dawo musu cikin shekara. Da yawa da zarar sun ga Hajiya ta miƙe tana dariya sai a yi walima a ajiye ƙwaya. Kuma lokacin da ƙarfin jiki ya fara dawowa amma baƙin tunanin bai gama tafiya ba, a sa ido sosai, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai.

Ummu_Fadil:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa Yaya duk abin da kuka rubuta. Ya karanta na Baban_Sadiq ya ce "kin gani ko", ya karanta na Zinariya ya yi shiru. Ya ce ranar Litinin zai zo da kansa ya ga ɗakin ya yi magana da mai sa barcin, amma bai ce ya yarda ba. Yau an sa mata bututu ta hanci.

Abu_Hafsat:
Tunda an sa bututu, ai yanzu maganin zai riƙa shiga. Ku tambayi likitan ko za a iya ba shi ɗan lokaci a gani, da kuma mene ne alamar da idan ya gani zai ce jira ya ƙare.

Sista_Hauwa:
Abu_Hafsat, bututu ba wurin zama ba ne, masu irin halinta cire shi suke yi, kuma kowace cirewa da mayarwa akwai haɗarin abinci ya bi huhu. Amma tambayarka ta biyu tana da kyau, a yi ta.

Maman_Ihsan:
Salam, yanzu na shigo. Dakta don Allah, matar ƙanina ce, cikinta wata biyar, ta daina magana, idan ka ɗaga hannunta a nan zai tsaya. Su ma an ambata musu wannan maganin. Ana yi wa mai ciki?